Yadda na samo ɗanyen man fetur domin aikin zane a Maraɗi

Ɗanyen man fetur ba ya cikin hajar da ake kasawa a kasuwa, ko da kuwa a ƙasar da ake haƙo shi ne, saboda haka duk wanda ke bukatar ɗan kaɗan daga cikinsa domin wani aiki da bai shafi matata ba, to ya shirya bin hanyar da yawancinta takarda ce da jira da neman wanda zai tsaya masa. Ni malamin zane ne a wata kwaleji a nan Maraɗi, ina kuma yin nawa aikin a gida idan an tashi daga makaranta. Na daɗe ina son in yi jerin zane-zane a kan arzikin da Allah ya binne a ƙasar Nijar, da sharaɗin cewa kowane abu da jikinsa za a zana shi, ba da fentin kanti ba: jar ƙasa da yumɓun bakin Gulbi, da kanwa, da gishirin Bilma, da gawayin dutse na Anu Araren da ke kusa da Cirozerin. Duk waɗannan na same su ba da wata wahala ba, wasu a Babbar Kasuwa, wasu ta hannun direbobin da ke zuwa Agadas. Ɗanyen mai kaɗai ya rage, kuma shi ne ya cinye mafi yawan lokacin da aikin ya ɗauka.

Wanda ya dubi taswira zai ce ai man a ƙofar gidanmu yake. Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo mai a ƙarshen 2011, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ ranar 28 ga Nuwamba, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram a kan hanyar Tanut. Daga rijiyoyin Agadem da ke jihar Difa, waɗanda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke aiki a kansu tun yarjejeniyar 2008, ake turo man ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 zuwa matatar, wadda aka gina domin ta tace ganga 20,000 a yini. Daga baya aka shimfiɗa babban bututun da ya tashi daga Agadem ya nufi bakin teku a Seme ta ƙasar Benin, kusan kilomita 2,000, mai iya ɗaukar ganga 90,000 a yini, kuma jirgin ruwa na farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024. Wannan bututu na biyu ta jiharmu ya ratsa, binne a ƙarƙashin gonakin gero da wake. Ganga ɗaya lita 159 ce, ni kuwa abin da nake nema bai kai lita guda ba. Sai dai tsarin duka a rufe aka gina shi: man yana fita daga rijiya ya shiga bututu, daga bututu ya shiga tanki, ana auna shi a kowace mahaɗa, kuma babu inda aka tanadi famfon da mutum zai tara kwalbarsa.

Duk da haka daga kasuwa na fara, domin ɗan Maraɗi ba ya yarda cewa babu abu sai ya ji daga bakin ƴan kasuwa. Na je wajen ƴan ruwa-ruwa masu jera kwalaben asansi a bakin titi, tunda su ne mafi kusa da harkar mai a cikin mutanen da ake iya tsayawa a yi magana da su. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya shekara da shekaru yana wannan sana'a a kan hanyar Ɗan Isa, ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce: "Malam, mu tatacce muke sayarwa. Wannan da kake faɗi, ni tun da nake ban taɓa ganinsa da idona ba sai a talabijin." Ita ce amsa mafi amfani da na samu a kasuwa. Sauran waɗanda na tambaya, kowa sai ya miƙo mini baƙin abin da ke kusa da shi. Wani bakanike a unguwar Zariya ya cika mini gwangwani da baƙin man da ya juye daga injin babbar mota, ya ce ai duk ɗaya ne, wani kuma da ya taɓa aikin hanya ya kawo mini dunƙulen kwalta a cikin leda.

Ba ƙarya suka yi mini da gangan ba, domin duka biyun daga ɗanyen mai suka samo asali, amma babu wanda za a kira ɗanyen mai a cikinsu. Baƙin man inji tataccen mai ne da aka ƙara wa sinadarai, ya yi aiki a cikin zafi har ya kwashi kunkunniya da ɓarɓashin ƙarfe, kuma daga nan baƙinsa ya fito; idan aka shafa shi a takarda toka-toka yake bari, launi marar rai. Ita kuwa kwalta ita ce abin da ke saura a gindin tukunyar matata bayan an janye gas da asansi da kananzir da gazuwal, shi ya sa take daskare sai an dafa ta ko an narkar da ita. Na karɓi duka biyun na ajiye, saboda na san zan bukace su wajen kwatantawa idan na samu na ainihin.

Labari ba ya kwana a kasuwa, don haka ba a daɗe ba wani dillali ya same ni har gida. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Yallaɓai, an ce kana neman ɗanyen mai. Ka ba ni kafin alƙalami, nan da kasuwa biyu zan kawo maka bido guda daga kudu." Na yi masa godiya na sallame shi. Da farko dai wannan cinikin biri a sama ne, tunda a lokacin ba ni da hanyar da zan tabbatar da abin da zai kawo, kuma haɗa baƙin man inji da gazuwal a kira shi ɗanyen mai ba aiki ne mai wuya ba. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne idan ya zamana gaskiya ya faɗa. Ɗanyen man da ke yawo a bido ba shi da wani tushe sai bututun da aka huda, ko dai a yankin Neja Delta inda satar mai ta lalata ruwaye da gonaki, ko kuma a nan gida. Tun bayan harin da aka kai wa babban bututun a yankin Tesker a watan Yuni na 2024, maganar bututu ta zama maganar tsaron ƙasa, kuma malamin makarantar da aka samu da bidon ɗanyen mai ba takarda, bayanin zane ba zai fisshe shi ba. Ban da wannan ma, ban ga yadda zan yi aiki a kan dukiyar al'umma da abin da aka sata daga cikinta ba.

Sai na koma ga takarda. Dokar man fetur ta 2017 ta ce duk man da ke ƙarƙashin ƙasar Nijar mallakar gwamnati ne, kuma kamfanonin da ke haƙo shi bisa yarjejeniya suke yi, kowace ganga da lissafinta. Na rubuta wasiƙa da Faransanci, na bayyana ko ni wane ne, da yawan abin da nake bukata, da abin da zan yi da shi, da inda zan ajiye shi, da yadda zan yi da ragowarsa. Shugaban makarantarmu ya sa hannu ya buga hatimi, na haɗa da hotunan zanen da na riga na gama na kanwa da na gawayi, domin mai karantawa ya ga cewa aikin akwai shi, ba zance ba ne. Ina ganin waɗannan hotuna sun yi mini aiki fiye da kalmomin wasiƙar, domin duk inda na miƙa takardun su ake fara dubawa.

Ofishin da na kai wasiƙar sun karɓe ni da mutunci, aka ba ni lamba, aka ce in riƙa leƙowa. Na yi ta leƙowa har wani ma'aikaci mai shekaru ya ja ni gefe ya ce: "Malam, ba hana ka aka yi ba, kuma ba za a hana ka ba. Matsalar ita ce babu gurbin da za mu saka irin bukatarka. Wanda zai sa hannu a fitar da mai sai ya faɗi a ƙarƙashin wane babi ya fitar da shi, zane kuwa ba shi da babi." Sannan ya ba ni shawarar da ta buɗe mini hanya, ya ce ɗan abin da ke fita daga tsarin ba domin sayarwa ba, samfur ne da ake kai wa ɗakunan gwaje-gwaje da wuraren koyarwa, saboda haka in daina neman mai a wurin masu mai, in nemi masu nazarinsa. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abu ne mai kama wuta, mai guba, kuma dukiyar ƙasa, don haka ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a kan abin da ba zai iya kare kansa a kai ba, aikinsa ya yi.

Ta hannun wani tsohon abokin karatuna na kai ga wani malamin ilimin duwatsu da ma'adinai a wata cibiyar koyarwa a Damagaram, inda suke da samfurin ɗanyen man Agadem da suke nuna wa ɗalibai. Shi ma bai ce to nan take ba, domin samfurin ba nasa ba ne, na cibiyar ne, kuma akwai littafin da ake rubuta duk abin da aka ɗiba. Ya ce in sake rubuta wasiƙa, wannan karon zuwa ga shugabansu, in sa bukatar a matsayin aikin haɗin gwiwa na koyarwa. Suka gindaya sharuɗɗa: ba zan sayar da man ba, ba zan ba wani ba, zan rubuta abin da na yi amfani da shi, zan mayar da ragowar, kuma zan zo in nuna wa ɗalibansu sakamakon aikin. Babu ko sharaɗi guda da ya yi mini nauyi. Daga wasiƙar farko zuwa ranar da aka ce in zo in karɓa, damina ta faɗi ta ɗauke, an yi girbi, hunturu ya fara leƙowa.

Abin da aka ba ni kimanin rabin lita ne, a cikin kwalbar gilashi mai duhu da murfi mai matsewa. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne launinsa, domin a cikin kwalba baƙi yake, amma da malamin ya ɗiga kaɗan a kan farantin gilashi ya ja shi da sanda ya ɗaga wa hasken taga, sai ga ruwan ƙasa mai zurfi a inda ya yi kauri, ruwan goro a tsakiya, ruwan zuma a gefen da ya yi siriri. Wannan sauyin launi daga kauri zuwa siriri shi ne duk abin da mai zane zai so a jikin wannan abu, kuma babu shi a baƙin man inji. Ya kuma nuna mini gwajin da masu aikin rijiyar mai ke yi wa ɓarɓashin dutsen da ke fitowa daga rami: ya kashe fitila ya haska ɗigon da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, sai ɗigon ya ɗauki wani haske mai rawaya-rawaya, alhali kwaltar da na zo da ita ta zauna a duhunta. Da na ce masa ina ɗokin in kai shi gida in fara, sai ya yi dariya ya ce: "Abokina, ka dai sani wannan ba fenti ba ne. Shekaru miliyoyi ya yi a ƙarƙashin ƙasa bai bushe ba, ba a kan allonka zai yi gaggawa ba."

Dawo da shi Maraɗi ma sai da shiri. Tafiyar kusan kilomita 240 ce, kuma ban yi tunanin shiga motar haya da shi ba, domin ba daidai ba ne a sa abu mai kama wuta a tsakanin fasinjojin da ba su san da shi ba. Na jira wani ƙanen mahaifina da ke da mota mai buɗaɗɗen baya, muka taso da asuba kafin rana ta yi zafi. Ba a cika kwalbar har baki ba, an bar mata sarari saboda mai yana kumbura yana fitar da tururi idan ya ji zafi, kuma ba a juye shi cikin robar ruwan sha ba. Na sa kwalbar a tsaye cikin gwangwanin ƙarfe, na cika kewayenta da yashi, na ɗaure gwangwanin a kusurwar da babu rana. Muka wuce Takeita da Tasawa, a wani shingen jandarmomi kafin Gazawa aka tambaye ni abin da ke cikin gwangwanin. Na miƙa takardar cibiyar mai hatimi, jami'in ya karanta ta har ƙasa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga kwalbar, domin shi ma bai taɓa ganin ɗanyen mai ba, sannan ya ce: "Allah ya kiyaye hanya, Malam." Da babu wannan takarda, da zancen ya yi tsawo.

Samun man rabin aikin ne, sauran rabin kuwa shi ne gane halinsa. Fentin mai da muka sani yana bushewa ne saboda man lin da ke cikinsa, wanda man tsiro ne da ke shan iska ya ƙulle ya zama fata mai tauri. Ɗanyen man fetur ba ya yin haka. Tarin sinadarai ne masu nauyi daban-daban da ke gauraye wuri guda, masu sauƙin su tashi su bi iska, masu nauyin su zauna da danƙonsu, su yi laushi idan an yi zafi, su yi tauri idan an yi sanyi. Samfurin da na samu yana da kaki a jikinsa, irin wanda ake yin kyandir da shi, don haka da sanyin safiyar hunturu nakan tarar da shi ya sandare kamar man kaɗanya, sai hantsi ya ɗaga ya saki jiki ya fara bin burushi. Wannan ya sa na mayar da lokacin aikina tsakanin hantsi da azahar.

Masu zanen Turai sun riga mu shan wannan wahala. A ƙarni na 18 da na 19 da yawansu, musamman a Ingila da Faransa, sun ƙaunaci wani launin ruwan ƙasa da ake yi da kwaltar da ke fitowa daga ƙasa da kanta, saboda zurfin da take ba inuwa, sai bayan shekaru zanen ya yi duhu, fuskarsa ta yamutse ta tsattsage, domin abin da ke ƙasa bai taɓa bushewa ba yayin da na sama ya ƙulle. A ɗaya gefen kuma, hoton kyamara mafi daɗewa da ya rage a duniya da irin wannan kwalta aka yi shi: wajen 1826 ko 1827 Bafaranshe Nicéphore Niépce ya shafa ta siriri a kan farantin ƙarfe, inda haske ya taɓa ta yi tauri, inda bai taɓa ba aka wanke ta. Darasi biyu na ɗauka daga nan, kuma a kansu na gina duk gwaje-gwajena, wato kauri shi ne abokin gaba, rana kuwa mataimakiya ce.

Tunda abin da ke hannuna kaɗan ne, da cokalin shayi na riƙa ɗiba, ina gwadawa a kan ƙananan gutsattsari kafin in taɓa babban aiki. A kan farar takarda launin ya fito da kyau, amma kafin kwana ya zagayo sai wani da'irar maiƙo ya bazu kewaye da kowane layi, takardar ta zama mai nuna haske. A kan akoko da ba a shafa wa komai ba ya ratsa har baya. A kan falankin katako da na shafa wa farar ƙasa da gam ya zauna daidai, sai dai ya daɗe yana kama yatsa, kuma ƙurar hunturu ba ta jiran kowa. Gilashi ne ya fi nuna kyawunsa, tunda ba ya tsotsar komai kuma haske yana ratsawa, amma a nan ne ya fi saurin zamewa idan aka tsayar da shi cikin zafi.

Hanyar da ta yi mini aiki daga ƙarshe matakai uku gare ta. Nakan zuba ɗan abin da zan yi amfani da shi a faffaɗan farantin ƙarfe, in rufe da ragar sauro saboda ƙura da ƙwari, in ajiye a fili inda iska ke kaɗawa har masu sauƙin cikinsa su tashi, warin ya ragu, ya yi kauri. Daga nan sai in gauraya shi da varnish ɗin da kafintoci ke shafa wa kujeru, wanda shi yana bushewa, ya zamana varnish ɗin ya rinjayi man, in tsinka da ruwan tsinka fenti. Kananzir ma yana tsinka shi, amma yana jinkirta bushewa, don haka na bar shi wajen wanke burushi kawai. Sai shafawa, siriri-siriri, kowane shafi a bar shi ya sha rana ya kama kafin a ɗora wani, ta yadda duhun zai taru daga yawan shafe-shafe ba daga kaurin guda ba. Akwai zane biyu da na ƙi gauraya man da komai saboda ina son mai kallo ya ga shi kansa. Waɗannan na matse su tsakanin gilashi biyu na toshe gefunan, kuma a kwance nake ajiye su idan ba nuni ake yi ba.

Na so in haɗa shi da tawadarmu ta allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, har na kai wa wani malamin zayyana da muke unguwa ɗaya ya gani. Ya taɓa da tsinken alƙalami ya ce: "Ɗana, ƙaro ɗan ruwa ne, wannan kuwa ɗan mai ne, ba za su zauna a kasko guda ba." Haka ne, amma rashin jituwar tasu ta zama dabara, domin idan na fara rubuta layi da tawada a kan farar ƙasa na bar shi ya bushe, sannan na bi da man a kai, layin yana nan daram a ƙarƙashin ruwan zumar ba tare da ya narke ba. Taswirar hanyar bututun daga Agadem zuwa Gaya ta bakin iyakar Benin da haka na yi ta.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce, kuma a nan ne na fi tsananta wa kaina. Ɗanyen mai yana ɗauke da benzin, sinadarin da likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa, kuma tururinsa yana kama wuta daga nesa. Mutanen Nijar ba su manta da tankar man da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayu na 2019 ba, inda fiye da mutum 50 suka rasu suna kwasar asansi, kuma ɓangaren asansin nan yana cikin ɗanyen mai tun kafin a tace shi. Ban taɓa buɗe kwalbar a cikin ɗaki ba. A ƙarƙashin rumfa nake aiki, can ƙarshen gida nesa da madafa da tukunyar gas, da safar hannu ta roba mai kauri, da takunkumi mai matatar gawayi irin na masu feshin fentin mota, domin takunkumin ƙyalle ƙura kawai yake tarewa. Uwargida ta kafa doka cewa yara ba sa ƙetare igiyar shanya idan ina aiki, kwalbar kuma a akwatin ƙarfe mai kwaɗo take kwana. Tsummokaran da na goge burushi da su ba na tara su a dunƙule, saboda tsumman da ya sha varnish ko man lin yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. A gwangwani mai murfi nake sa su. Ruwan wankin burushi kuwa ba ya taɓa ƙasa, balle kusa da rijiya, a kwalba nake tara shi in kai wa bakaniken da ke tara tsohon man inji.

Ban kai man makaranta ba, kuma ba zan kai ba, ko da yake ɗalibaina sun yi ta roƙo. Zanen da suka bushe kawai suka gani, a bayan gilashi. Abokan sana'a da suka ga aikin, wasu sun ce da na yi amfani da kwalta narkakkiya da na huta, tunda daga nesa launin ya yi kusa. Ta fuskar ido kaɗai suna da hujja, kuma wanda launin ruwan ƙasa mai zurfi kawai yake nema, ina ba shi shawarar ya tsaya a kan kwalta ko ma makuba, ya bar wa kansa lafiya. Ni dai abin da na sa a gaba shi ne mutumin Maraɗi da man nan ke wucewa ta ƙarƙashin gonarsa ya tsaya gaban abin da kansa ya dube shi, kuma na lura cewa tambayar farko da kowa ke yi ita ce ko da gaske shi ne, sannan a matso kusa.

Jerin gaba ɗaya bai ci rabin abin da aka ba ni ba. Na auna ragowar, na rubuta a takarda abin da ya tafi gwaji da abin da ya shiga zane, na haɗa da bayanin yadda man ya kasance a kan takarda da akoko da katako da gilashi, na mayar da kwalbar Damagaram cikin gwangwaninta na yashi kamar yadda aka yi alkawari. Malamin ya rubuta adadin a littafinsu ya sa hannu, na bar wa cibiyar ɗaya daga cikin zanen gilashin, na kuma yi wa ɗalibansa bayani na tsawon darasi guda. Gutsattsarin gwajin suna nan a wurina, kowanne da kwanan watan da aka shafa shi a bayansa, domin sai sun ga zafin bazara biyu ko uku kafin in iya gaya wa mai son sayen irin wannan zane ko fuskarsa za ta tsage ko ba za ta tsage ba, kuma kafin lokacin ban sa wa ko ɗaya kuɗi ba.